Matambayi Ba Ya Ɓata: Ernest Satow, Tafintan da Aka Yi Juyin Japan a Gabansa

Wasiƙun da suka taru mana daga Zariya a wannan karon duk a kan mutum ɗaya suke: Ernest Satow, Baturen Ingila da ya zauna Japan a shekarun da aka tumɓuke gwamnatin shogun, wato shugaban soja mai riƙe da mulkin ƙasar, ya kuma rubuta abin da ya gani a littafinsa mai suna A Diplomat in Japan. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Don Allah wane ne wannan Satow, kuma me ya kai yaro Bature har bangon duniya a wancan zamani? Daga Malam Shu'aibu, Ƙofar Doka.

Amsa: Malam Shu'aibu, neman aiki ne ya kai shi. An haife shi a Landan ranar 30 ga Yuni 1843. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne ɗan asalin Wismar, wani gari a gaɓar tekun arewacin Jamus, mahaifiyarsa kuwa 'yar Ingila ce. Yana ɗalibi ya ga sanarwar gwamnati tana neman samarin da za a tura Sin da Japan su koyi harshe su zama tafintoci. Ya ci jarrabawar a 1861 yana ɗan shekara 18, aka ɗauke shi a kan albashin fam 200 a shekara.

Ya sauka Yokohama ranar 8 ga Satumba 1862, ya tarar da ƙasar tana tafasa. Fiye da shekara 200 Japan ta yi ƙofarta a rufe, babu Turawan da aka bari su yi ciniki sai mutanen Holan, su ma a killace a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a Nagasaki. A 1853 jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka zo suka tilasta a buɗe. A 1858 aka ƙulla yarjejeniyoyin ciniki da Amurka, Holan, Rasha, Birtaniya da Faransa. Sharuɗɗan sun yi wa Japanawa ciwo, musamman wanda ya ce Bature in ya yi laifi ƙaramin jakadan ƙasarsa ne zai yi masa shari'a, ba alƙalin Japan ba. Samurai da yawa, wato baraden da aka yarje wa rataya takubba biyu, suka sha alwashin korar baƙi.

Kwana shida da saukar Satow, ranar 14 ga Satumba, wasu Turawa huɗu a kan dawaki suka kutsa cikin ayarin Shimazu Hisamitsu, mahaifin sarkin Satsuma da ke kudancin Japan, a ƙauyen Namamugi. Barade suka sare ɗaya daga cikinsu, Charles Richardson, har lahira, suka raunata biyu, macen da ke tare da su ta tsira. Daga wannan rana har watan Fabrairu 1869 da ya tafi hutu gida, da wuya a yi wani babban al'amari tsakanin Japan da Turawa ba ya tsaye a wurin yana fassara. Iyakar abin da littafin ya ɗauka ke nan, shekara shida da 'yan watanni.

Sauran rayuwarsa a gurguje: ya koma Japan a 1870 ya ƙara fiye da shekara 10, sannan ya wakilci ƙasarsa a Siyam, wato Tailan ta yau, da Urugwai da Maroko. Ya zama jakada a Tokiyo daga 1895 zuwa 1900, a Bejin daga 1900 zuwa 1906. Ya rasu ranar 26 ga Agusta 1929 a ƙauyen Ottery St Mary da ke kudu maso yammacin Ingila.

Tambaya: Ina karatun harsuna. Na ji an ce Japananci na cikin harsuna masu wuyar gaske. Ta yaya ya koye shi babu ƙamus, babu makaranta? Akwai abin da zan ɗauka daga hanyarsa? Daga Hadiza, Samaru.

Amsa: Akwai, Malama Hadiza, kuma shi da kansa ya zayyana hanyar a babi na 5.

Da farko shugabanninsa sun ɓata masa lokaci. Sun ɗauka wanda ya san rubutun Sinanci ya gama da Japananci, tunda Japanawa daga Sin suka aro haruffansu, don haka aka fara ajiye shi a Bejin wasu watanni. Sai ga wata wasiƙa daga gwamnatin Japan, aka ba malaman Sin suka kasa gane kanta balle gindinta. Nan aka gane kuskuren, aka sa shi a jirgi. Dalilin kasawar shi ne haruffan kawai aka aro, nahawun harsunan biyu bai haɗa hanya ba. Japananci yana ajiye aikatau a ƙarshen jimla, yana kuma cakuɗa haruffan Sin da wasu jeri biyu na baƙaƙen kansa, hiragana da katakana. Ga shi kuma wasiƙun hukuma suna da salonsu dabam da maganar baki, ana rubuta su da hannu mai gudu, harafi na shiga cikin harafi.

A Yokohama ya sami darasi sau biyu a mako wurin wani ɗan mishan Ba'amurke, S. R. Brown, don maganar baki. Ƙamus ɗin James Hepburn, wanda ya zama madogarar masu koyo daga baya, bai fito ba sai 1867. Karatun wasiƙa kuwa wurin wani likita Bajapane mai suna Takaoka Kaname ya koye shi, kuma ga yadda suke yi. Malamin zai rubuta gajeriyar wasiƙa da hannu mai gudu. Sai ya sake kwafe ta da haruffa tsayayyu, ya bayyana ma'anarta. Satow ya fassara ta zuwa Ingilishi, ya ajiye fassarar ya yi kwanaki bai duba ta ba. A cikin kwanakin nan yana ta karanta kwafi biyun na asali, wannan sannan wancan, har idonsa ya saba gane harafi ɗaya a kamanninsa biyu. Daga ƙarshe ya ɗauko fassararsa ya mayar da ita Japananci da ka, ya gwada da ta malam.

Amfanin hanyar yana cikin matakin ƙarshe. Mai fassara daga baƙon harshe zuwa nasa yana iya yin cinke ya dace, ya ɗauka ya iya. Mayarwa baya ita ke tona inda nahawu bai zauna ba. Abu biyu ke lalata ta. Na farko gaggawa: in kika mayar a ranar da kika fassara, hadda ce ta yi aiki, ba fahimta ba, don haka ki bar kwana uku ko huɗu. Na biyu tsawon rubutu: layi biyar zuwa goma ya isa, in ya kai shafi kurakuran za su yi yawan da ba za ki iya bin kowanne ki gano dalilinsa ba. Tana aiki ga Larabci ko Faransanci kamar yadda ta yi masa.

Ki kuma lura da abin da wannan ƙwarewa ta jawo. Kafin irinsu Satow, magana tsakanin jakadan Ingila da jami'an shogun sai ta bi ta harshen Holan: Ingilishi zuwa Holananci, Holananci zuwa Japananci, amsa ta biyo hanyar ta dawo. Tafinta biyu a tsakani, kowanne yana iya sassauta kalma don kada ubangidansa ya fusata. Zuwa 1865 Satow ya zama cikakken tafinta, yana karanta takardun gwamnati kai tsaye, yana kuma zama da samurai su yi hira babu na uku.

Tambaya: Ni fa wannan zancen sarki biyu a ƙasa ɗaya ya ɗaure mini kai. Shogun da Mikado, shin kamar Waziri ne da Sarkin Musulmi a zamanin da Wazirin Sakkwato ke kula da al'amuran Zazzau? Daga Alhaji Garba, Kwarbai.

Amsa: Ranka ya daɗe, kwatancen ya kama hanya ta fuska ɗaya: a ƙa'ida shogun bawan sarki ne, daga hannun Mikado, wato sarkin Japan na gado, yake karɓar naɗinsa. Daga nan kuma suka rabu. Sarkin Musulmi yana da iko na gaske, shi ke naɗawa yana tuɓewa. Mikado kuwa yana zaune a fadarsa a Kiyoto da daraja ta addini da ta asali, amma ba shi da runduna, ba shi da baitulmalin kirki. Mulki yana Edo, garin da ake kira Tokiyo yanzu, a hannun gidan Tokugawa, waɗanda suka riƙe sarautar shogun gado bayan gado tun 1603.

Lissafin shinkafa zai nuna maka bambancin. Arzikin kowace ƙasa da ma'aunin koku ake ƙiyasta shi, koku ɗaya kuwa kimanin lita 180 ne, wato wajen buhu uku masu kilo 50. Duk mai ƙasar da ta kai koku 10,000 ana kiransa daimyo, kuma sun kai kimanin 260. Kaga, mafi girma, ta ɗara koku miliyan ɗaya. Satsuma tana da wajen 770,000. Shogun da barorinsa na kai tsaye suna riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar baki ɗaya. Abin da aka ware wa gidan Mikado bai wuce wajen koku 30,000 ba.

Dabarar da Tokugawa suka ɗaure sarakunan da ita ita ce zaman karɓa-karɓa: shekara ɗaya a Edo, shekara ɗaya a gida, matan sarki da magajinsa kuma suna Edo dindindin kamar jingina. Kuɗin riƙe gida biyu da na jan ayari kowace shekara ya hana su tara abin yin tawaye. An sassauta wannan doka a 1862, shekarar da Satow ya iso, kuma alama ce cewa igiyar ta fara sakwarkwacewa.

Abin da ya karya gwamnatin shi ne yarjejeniyoyin 1858. Hujjar zaman shogun ita ce shi ke tsare ƙasa daga baƙi. Sai ga shi ya sa hannu ba da yardar Mikado ba. Ii Naosuke, ministan da ya zartar da hakan, an kashe shi a ƙofar fadar Edo a 1860. Satsuma da Choshu, ƙasashen daimyo biyu waɗanda kakanninsu suka sha kashi a hannun Tokugawa a yaƙin Sekigahara na 1600, suka sami tutar da za su fake a bayanta, wato girmama Mikado.

Akwai abin da Satow ya gani wanda manyansa ba su gani da wuri ba, yana babi na 3. Yawancin daimyo su ma hoto ne. An rene su a kulle, ba su san komai na mulki ba, manyan fadawansu na gado ma haka. Masu juya al'amura su ne samurai masu matsakaici da ƙaramin matsayi, irin su Saigo da Okubo a Satsuma, Kido da Ito a Choshu. Da waɗannan yake ci yake sha, kuma su ne suka zama gwamnati bayan 1868.

Tambaya: Sana'ata canji. Wani ya ce mini ma'aikatan jakadanci na lokacin sun yi arziki da canjin kuɗi. Yaya aka yi? Daga Bala, Sabon Gari.

Amsa: Malam Bala, farashi biyu ne a gari ɗaya. Kuɗin da Turawa ke ciniki da shi a gabashin Asiya dalar azurfa ce ta Meziko. Yarjejeniya ta ce a canja azurfa da azurfa nauyi da nauyi, wanda ya sa dala 100 ta zama ichibu 311, ichibu kuwa ƙaramin kuɗin azurfa ne na Japan. Amma a kasuwar Yokohama, a watan da Satow ya sauka, dala 100 ichibu 214 kawai take sayowa. 'Yan kasuwa da farashin kasuwa suke canji. Ma'aikatan jakadanci kuwa an ba su damar canja wani adadi kowane wata a farashin yarjejeniya, a cire ichibu 13 ladan buga kuɗi.

To yi lissafin. Mai albashin dala 100 ya kai ta hukuma ya karɓo ichibu 298. Ya shiga kasuwa ya sayi dala a kan 214, ya fito da dala 139 da kwata. Ribar kusan kashi 40 cikin 100 ke nan ba tare da ya sayar da ko allura ba, kuma baitulmalin shogun ne ke ɗaukar asarar. Da wannan rara ƙananan ma'aikata suke ajiye doki suna shan giya mai tsada. Satow ya amfana, ya kuma rubuta cewa abin kunya ne. Yana babi na 2.

Tambaya: Ina koyar da tarihi a sakandare. Kullum ina gargaɗin ɗalibai game da rubutun Turawa matafiya irin su Clapperton da ya ratsa Zariya a 1826. Me zai sa in amince da wannan? Ba ma'aikacin gwamnatin da ta yi wa garuruwan Japan ruwan wuta ba ne? Daga Malam Nura, Tudun Wada.

Amsa: Shi ne kuwa, Malam Nura, kuma gargaɗinka yana nan daram. Bambancinsa da mai wucewa shi ne ya daɗe, ya ji harshen, yana kuma rubuta dayari. Wannan ya sa shaidarsa ta yi nauyi, bai sa ta zama ta ɗan ba-ruwanmu ba. Tambaya uku za ka riƙa yi wa kowane shafi.

Ta farko: yana wurin, ko ji ya yi? Inda yake wurin, ba ya ɓoye abin da zai zubar da mutuncin ɓangarensa. Ɗauki Kagoshima, babban birnin Satsuma. Birtaniya ta karɓi diyyar Richardson fam 100,000 daga shogun, ta nemi fam 25,000 daga Satsuma tare da a kashe waɗanda suka yi kisan. Satsuma ta ƙi. A watan Agusta 1863 jiragen yaƙi bakwai suka shiga mashigin Kagoshima, Satow yana cikin ɗaya mai suna Argus. Suka kama jiragen Satsuma uku masu tururi, igwogin gaɓa suka buɗe wuta, kyaftin ɗin babban jirgin Ingila da mataimakinsa suka mutu, wani babban yanki na garin ya ƙone. Da aka yi ta surutu a Ingila, an so a nuna gobarar tsautsayi ce. Satow ya rubuta ƙarara cewa sun harba rokoki ne da nufin ƙona garin. Ya ma faɗi cewa da aka ba da izinin wasoson jiragen da aka kama, shi ma ya ɗauki bindiga da hular yaƙi. Mutumin da ke faɗin irin wannan a kan kansa, ana iya jingina da shi a kan abin da idonsa ya gani.

Inda ji ya yi kuwa, sai a yi hattara. Sarki Komei, Mikado na lokacin, ya rasu a watan Janairu 1867, aka sanar cewa agana ce. Satow ya rubuta cewa bayan wasu shekaru wani Bajapane masanin sirrin fada ya tabbatar masa guba aka ba shi. Bai faɗi sunan mutumin ba, bai ga gawa ba, ba ya ma Kiyoto a lokacin. An yi ta yawo da wannan jimla kamar hujja, alhali ji-ta-ji-ta ce da ta sami gindin zama saboda sunan wanda ya ɗauko ta. Ka nuna wa ɗalibanka wannan wuri da na Kagoshima gefe da gefe, darasin ya ishe su.

Ta biyu: yaushe ya rubuta? Littafin ya fito a 1921, fiye da shekara 50 bayan abubuwan. Kashin farko ya rubuta shi ne a Bankok tsakanin 1885 da 1887, ya ajiye, bai koma kansa ba sai 1919 yana da shekara 76. Shi da kansa ya ce kashin baya yawancinsa kwafe dayarinsa ne da takardun aiki. Saboda haka babobin farko sun fi daɗin karatu amma sun fi shan gyaran tunanin baya, na ƙarshe sun fi bushewa amma sun fi kusa da ranar da abin ya faru. Ka tuna kuma lokacin da ya kammala, abokansa na ƙuruciya sun riga sun zama iyayen ƙasa. Ito Hirobumi, wanda yana cikin samarin da suka ƙona sabon ginin ofishin jakadancin Birtaniya a Edo a farkon 1863, shi ya zama firayim ministan Japan na farko a 1885. Birtaniya da Japan kuma a lokacin ƙawaye ne tun 1902. Mai rubutu a irin wannan yanayi yakan ga nasarar abokansa kamar abin da dama babu makawa.

Ta uku: yana bayan wa? A nan ne gizo ke saƙa. Manufar Landan a hukumance ita ce kada a sa baki a rikicin cikin gida. Satow bai tsaya nan ba. A 1866, yana ɗan shekara 22, ya rubuta maƙaloli uku a jaridar Japan Times ba tare da sa suna ba, yana cewa shogun babba ne kawai a cikin sarakuna, ba shi ne mai ƙasa ba, don haka a sake ƙulla yarjejeniya da Mikado da haɗakar daimyo. Da taimakon malaminsa aka mayar da su Japananci, aka yi ta kwafa ana bugawa da sunan Eikoku Sakuron, wato manufar Ingila. Masu adawa da shogun suka karanta su a matsayin matsayar gwamnatin Birtaniya, alhali ra'ayin ƙaramin ma'aikaci ne. Ya ce a iya saninsa maganar ba ta kai kunnen ubangidansa, jakada Harry Parkes, ba. Mu dai muna ganin da wuya a ce mutum mai sa ido irin Parkes bai ji ƙishin-ƙishin ba, amma wannan ra'ayinmu ne. Abin da ba ra'ayi ba shi ne Satow yana ganawa da Saigo da sauransu a lokacin da suke ƙulla juyin, yayin da jakadan Faransa, Léon Roches, yake dafa wa shogun. Don haka duk inda ka ga ya kwatanta jami'an Edo da 'yan jan ƙafa da yaudara, ka tuna mutane ne da aka matse tsakanin igwar baƙi da takobin 'yan gida, kuma mai ba da labarin yana fatan faɗuwarsu.

Tambaya: Gaskiya ne ya kalli mutum yana farke cikinsa? Wace irin al'ada ce wannan? Daga Malama Rabi, Gyallesu.

Amsa: Gaskiya ne, Malama, yana babi na 28. Hukuncin kashe kai a addininmu sananne ne, ba sai mun tsaya kansa ba. Abin da ya kamata a fahimta shi ne wanda Satow ya gani hukuncin kisa ne da hukuma ta yanke, aka ba mai laifin damar zartar da shi ta hanyar da aka keɓe wa samurai. Wanda ya mutu haka bai zubar da darajarsa ba, iyalinsa ma ba su tozarta ba. Talaka mai laifi hauni ne ke sare shi.

Ranar 4 ga Fabrairu 1868, wata ɗaya da kafa sabuwar gwamnati, dakarun daimyon Bizen suna ratsa garin Kobe sai wasu sojojin ruwan Faransa suka gitta musu layi, abin da a al'adarsu cin mutunci ne. Aka yi harbi wajen Turawa. Babu Baturen da ya mutu, amma jakadu suka nemi ran hafsan da ya ba da umarni, Taki Zenzaburo. Sabuwar gwamnati tana neman ƙasashen waje su amince da ita, sai ta miƙa shi. Jakadun sun yi muhawara ko a yi masa afuwa, masu rinjaye suka ƙi.

An zartar da daren 2 ga Maris a wani ɗakin ibada a Hyogo, a gaban shaidu bakwai na Japan da bakwai na Turawa. Taki ya zauna a kan jan shimfiɗa, aka kawo masa wuƙa a kan ɗan teburin katako. Ya yi magana da murya a sarari cewa shi kaɗai ya ba da umarnin. Ya zame rigarsa zuwa ƙugu, ya cusa hannayen rigar ƙarƙashin gwiwoyinsa don kada ya faɗi ta baya. Yana yanka, wani na kusa da shi da aka tanada ya sare masa kai nan take don gajarta azaba. Da wata jarida ta zargi Satow da halartar abin ƙyama, ya mayar da martani cewa abin ya fi mutunci a kan rataye mutane a bainar jama'a da ake yi a ƙofar kurkukun Newgate a Landan. A shekarar nan ta 1868 Ingila ta daina kisa a bainar jama'a, Japan kuma ta cire wannan hukunci daga dokokinta a 1873. Abokin aikinsa A. B. Mitford yana wurin a daren, shi ma ya rubuta nasa bayanin, don haka ana iya gwada shaidu biyu a kan abu ɗaya.

Tambaya: Ina so in yi aikin kammala digiri a kansa. Ina zan samu, ta ina zan fara, me zan kiyaye? Daga Aminu, Kongo.

Amsa: Samunsa ba wuya, Malam Aminu. Haƙƙin mallakarsa ya ƙare, yana nan kyauta a intanet a Project Gutenberg da Internet Archive. Ɗauki wanda aka ɗauki hoton shafukan bugun 1921, don lambar shafi ta yi daidai in za ka kafa hujja. Babi 36 ne. Fara da na 3 da na 4 don shimfiɗa, ka bi da 5, sannan 8 zuwa 11 inda yaƙin Kagoshima yake da na Shimonoseki na Satumba 1864, wanda jiragen Birtaniya, Faransa, Holan da Amurka suka yi wa Choshu taron dangi aka ɗora diyyar dala miliyan 3. Daga nan ka tsallaka 23 zuwa 30, zuciyar juyin. In kana son ganin ƙasa da mutanenta, babi na 18 da na 20 tafiye-tafiye ne ta ƙasa, a lokacin da ba a yarda Bature na gama-gari ya yi nisan da ya wuce kimanin kilomita 40 daga tashar jirgin ruwa ba.

Abu biyu ke kayar da ɗalibai. Na farko sunaye. Samurai suna sauya suna sau da yawa a rayuwa, Satow kuma yana kiransu da wanda suke amsawa a lokacin. Ito Shunsuke shi ne Ito Hirobumi. Shiji Bunta shi ne Inoue Kaoru. Saigo Kichinosuke shi ne Saigo Takamori, Okubo Ichizo shi ne Okubo Toshimichi, Katsura Kogoro shi ne Kido Takayoshi. Hitotsubashi ko Keiki shi ne Tokugawa Yoshinobu, shogun na ƙarshe. Inda ya rubuta Tycoon, shogun yake nufi. Yedo ita ce Edo, Ozaka ita ce Osaka. Sunan gida ne ke zuwa farko. Buɗe shafi guda a littafin rubutunka, ka jera tsohon suna da sabo tun daga babi na farko, in ba haka ba za ka mayar da mutum ɗaya mutum biyu.

Na biyu kwanan wata. Har ƙarshen 1872 Japan da watan sama take lissafi, sai dai ba kamar Hijiriyya ba, sukan ƙara wata na 13 lokaci-lokaci don shekara ta bi damina da rani. Satow da kalandar Miladiyya yake rubutu. Sanarwar mayar da mulki hannun Mikado, a takardun Japan ranar 9 ga wata na 12 ce ta shekara ta 3 ta zamanin Keio. Wanda bai sani ba sai ya rubuta 9 ga Disamba 1867. A Miladiyya 3 ga Janairu 1868 ce. Kisan Richardson ma a wurinsu 21 ga wata na 8 ne. Duk ranar da ka ɗauko daga wani littafi, ka duba ko an juya ta, ka kuma faɗi a gabatarwarka wace kalanda kake bi.

Kada ka nemi abin da babu a ciki. Littafin na jakadu ne da barade da jiragen yaƙi. Manoma, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, daga kan doki ko daga cikin abin ɗauka yake hango su. Don ƙauye da talauci da cuta, Isabella Bird da ta ratsa arewacin Japan a 1878 ta fi shi, duk da cewa ta bakin tafinta take ji. Don jin muryar Bajapane na wannan zamani, nemi tarihin rayuwar Fukuzawa Yukichi da ya bayar da bakinsa, an fassara shi zuwa Ingilishi. Dayarin Satow na asali yana ma'ajiyar takardun tarihi ta Birtaniya da ke Kew, ƙarƙashin lamba PRO 30/33, an kuma buga na shekarun nan a littafi. Gwada abin da ya rubuta a ranar da abin da ya buga a 1921 kaɗai ya isa aikin digiri.

Tambaya: Duk shekarun nan bai yi iyali a can ba? Daga Hajiya Binta, Tudun Jukun.

Amsa: Ya yi, Hajiya, sai dai ba za ki ga ko alamarsu a littafin ba, don zaman ya fara ne bayan komawarsa a 1870. Ya zauna da wata Bajapaniya mai suna Takeda Kane. Ba a rubuta auren a hukumance ba, domin a wancan zamani hakan kan tsayar da ci gaban jami'in jakadanci. Sun sami 'ya'ya maza biyu, Eitaro a 1880 da Hisayoshi a 1883. Eitaro ya koma Amurka saboda rashin lafiya, ya rasu a can kafin mahaifinsa. Hisayoshi ya je Ingila ya karanci ilimin tsirrai, ya zama sanannen masanin tsirran duwatsun Japan, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu hawan duwatsu ta ƙasar a 1905. Ya rasu a 1972.